Koyon Baƙon Harshe Ta Hanyar Waƙa: Tambayoyin Da Aka Fi Yi Mana A Kaduna

Waɗannan tambayoyi su ne suke ta dawowa a ajin yamma da nake koyar da Faransanci, da kuma wajen abokan aikina masu koyar da Larabci da Turanci a nan Kaduna. Masu yin su iri-iri ne: ɗaliban jami'a, 'yan kasuwa masu zuwa Kwatano da Maraɗi, matan aure masu koyo a gida, da iyayen da ke son 'ya'yansu su tashi da harshe fiye da ɗaya. Kowace amsa za a iya karanta ta ita kaɗai, amma inda wata ta jingina da wata na nuna.

Malam, da gaske ne mutum zai iya koyon baƙon harshe ta hanyar waƙa?

Zai iya koyon kaso mai tsoka, amma da sharaɗi. Waƙa tana buɗe kunne, tana saita baki a kan furuci, tana kuma riƙe wa mutum kalmomi da jimloli su daɗe ba su zube ba. Sharaɗin shi ne a zauna a yi aiki a kanta. Kunna ta kawai ana wanki ko ana tuƙi ba ya wadatarwa.

Hujjar tana cikin unguwanninmu. Shekara da shekaru Hausawa suna kallon finafinan Indiya, kuma daga Tudun Wada har Rigasa ba za ka rasa wanda zai rera maka waƙar Indiya tun daga farko har ƙarshe ba, da lafazin da Ba'indiye zai ji ya jinjina kai. Ka ce masa ya tambayi kuɗin kofin shayi da Indiyanci, sai ya yi shiru. Waƙar ta yi nata aikin, ta shigar da sautin ta ajiye. Saura sanin ma'ana da ɗauko jimlar a yi magana da ita, kuma wannan ne na yi bayaninsa a amsar da ta shafi yadda ake aiki da waƙa guda.

Me ya sa baitin waƙa yake zama daram a kai, amma kalmomin da na haddace daga littafi suke gudu kafin wayewar gari?

Mantuwa ta fi sauri a farko. Tun 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa ya nuna cewa mafi yawan abin da aka haddace yana zubewa ne a awanni da kwanakin farko, sai fa in ana komawa kansa a kai a kai. To waƙa tana sa ka koma ba tare da kowa ya tilasta ka ba. Amshi ɗaya zai dawo sau uku ko huɗu cikin 'yan mintuna, gobe ka sake kunna ta don tana maka daɗi, wani lokaci ma ka tsinci bakinka yana rera ta kana cikin Keke.

Sannan waƙa tana da ma'auni da amsa-amo. Kamar kiret ɗin ƙwai take, kowace gaɓa da raminta. In kalma ta ɓace nan take za ka ga gurbin, ka san tsawonta, ka san sautin da ya kamata ta ƙare da shi, sai ƙwaƙwalwa ta lalubo ta. Jerin kalmomi a takarda ba ya ba ka wannan taimakon.

An gwada abin a Jami'ar Edinbara ta Sikotland, aka wallafa sakamakon a 2014. An raba mutum 60 kashi uku aka koya musu gajerun jimloli na harshen ƙasar Hangari: wasu suna maimaitawa da magana, wasu da magana mai bin kari, wasu da rerawa. Masu rerawa ne suka fi iya furta jimlolin da ka. Sai dai wani binciken da Wanda Wallace ta wallafa a 1994 ya nuna cewa karin waƙa yana taimaka wa hadda ne in mai sauƙi ne kuma yana maimaituwa. In yana ta canzawa, hankali yakan tafi wajen kama shi ya bar kalmomin. Ka riƙe wannan in ka zo amsar zaɓen waƙa.

Wannan ba sabon yayi ba ne da aka kwaso daga Turai?

Ko kusa. Duk wanda ya zauna a zauren malami a Zariya ko a nan Kaduna ya san cewa nahawun Larabci a waƙe ake haddace shi. Alfiyyar Ibn Malik, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1274, baiti ne kusan 1,000 da suka tattara ƙa'idojin nahawu da sarfu, kuma har gobe almajiri in ya rikice a wata ƙa'ida baitin yake janyowa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, jajoji, wato malamai mata masu zagaya ƙauyuka, suka haddace suka kai wa matan karkara. Yaran Islamiyya ma da rerawa suke fara haruffa. Hanyar tamu ce tun kaka da kakanni. Abin da ya ƙaru yau shi ne wayar da ke aljihunka.

Ni ba na sauraron kiɗa saboda addini. Ke nan hanyar ba tawa ba ce?

Taka ce. Hukuncin kayan kiɗa magana ce ta malamai, sun yi saɓani a kanta, kuma kowa ya bi malamin da ya natsu da shi. Abin da ke riƙe kalma a kai shi ne kari da maimaici da amsa-amo, kuma duka ukun suna nan a muryar da babu ganga ko molo a bayanta. Mai koyon Larabci yana da ƙasidu da nashidu birjik. Akwai nashidun Turanci da na Faransanci da na Turkanci marasa kiɗa, akwai waƙoƙin yara, akwai kuma rubutacciyar waƙa da ake karantawa da murya. Kana ma iya ɗaukar karin wata waƙar Hausa da ka sani ka ɗora mata jimlolin da kake koyo.

'Yan'uwanmu Kiristoci masu jin Hausa kuwa suna da wata dama ta daban. Waƙoƙin coci da yawa an fassara su zuwa Hausa ne da karinsu na asali, don haka wanda ya taso yana rera ta Hausa ya riga ya san karin da ma'anar, kalmomin Turancin kawai zai ɗora. A dai lura, wasunsu da tsohon Turanci aka yi su, wanda ba a magana da shi yanzu.

Wace irin waƙa zan fara da ita?

Wadda za ka iya ji sau da yawa ba ta gundure ka ba, wannan shi ne na farko. Bayan haka a duba ta zama a hankali take tafiya, muryar mai waƙar ta fi kiɗan fitowa, tana da amshi mai dawowa, kuma ana samun rubutattun baitocinta. In ka karanta baitocin ka ga kusan kowace kalma baƙuwa ce, ajiye ta sai nan gaba. Mai kyau ita ce wadda ka san yawancin kalmominta, 'yan kaɗan ne sababbi.

Wani malamin harshe, Tim Murphey, ya nazarci waƙoƙin zamani 50 na Turanci, ya wallafa a 1992. Ya samu cewa kalmominsu masu sauƙi ne, suna maimaituwa, «ni» da «kai» sun cika su, kuma saurinsu kusan rabin saurin magana ne. Shi ya sa waƙoƙin bege da na kewar gida suke dacewa da mai farawa. Waƙoƙin gambara na zamani, masu zubo kalmomi babu numfashi, a bar su tukuna. Na kuma fi son wadda take ba da labari, domin ita ce take zuwa da aikatau a lokuta daban-daban. Wadda baitocinta ba za ka so ƙanwarka ta ji kana rerawa ba, kada ka ɓata haddarka a kanta.

To na zaɓi waƙa. Yaya zan yi aiki da ita daga farko har ƙarshe?

Ka ba waƙa ɗaya mako guda, minti 15 zuwa 20 kullum. Ranar farko ka saurara kawai, ba ka kallon rubutu, ka rubuta duk kalmar da kunnenka ya cafke ko da uku ce. Rana ta biyu ka buɗe baitocin ka bi da ido kana ji. A nan ne za ka ga abin mamaki, kalmar da ka daɗe da sani a takarda ashe ba haka take fita a bakin masu harshen ba. Ka ja layi a ƙarƙashin irin waɗannan. Rana ta uku ta ma'ana ce: ƙamus, malami, ko manhajar fassara, amma kada ka ba ta dukan amana, domin ta kan yi wa salon waƙa fassarar kalma da kalma.

Rana ta huɗu ka kwafe baitocin da hannunka a littafi, ka tsallake kalma ɗaya a kowane layi, ka bar gurbinta. Sai ka rufe na asalin, ka kunna waƙar, ka cike guraben da kunne. Daga nan sai rerawa, da farko tare da mai waƙar, daga baya kai kaɗai. Ka naɗi muryarka a waya ka kwatanta da tasa.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma ya raba mai koyo da mai nishaɗi. Ka ciro jimla biyu ko uku ka sauya musu kaya. Akwai wani tela a ajina, shagonsa yana wajen Kasuwar Barci, yana koyon Faransanci saboda sayayyar yadi a Kwatano. Ya samu layi a wata waƙa mai ma'anar «ina jiran ka tun safe». Ya rubuta shi da alli a jikin allon da yake yanka a kai, ƙarƙashinsa ya jera nasa: ina jiran kaya tun jiya, ina jiran mota tun azahar, ina jiran kuɗina tun watan jiya. Yana taka keken ɗinki yana faɗar su. Daga layi ɗaya ya mallaki ginin jimlar da Faransanci yake yi da aikatau na yanzu inda mai koyo yakan zaci na baya ake sawa, kuma ban sake jin ya kuskure shi ba.

Muryata ba ta da daɗi, kuma ina jin kunyar a ji ni.

Ba gasa za ka shiga ba, motsa leɓe da harshe ake nema. Ka rera ƙasa-ƙasa a ɗakinka, ko ka faɗi baitin da magana kana tafa hannu a kan karin. Amma dole sauti ya fito, rerawa a zuci ba ta horar da baki.

Ta yaya waƙa take gyara furuci? Ni «p» da «f» suke ba ni wahala.

Ba kai kaɗai ba ne, Hausa ba ta bambanta su. Haka kuma ba ta son baƙaƙe biyu ko uku su haɗu a farkon kalma babu wasali a tsakani, shi ya sa muka ce burodi da tirela. In Bahaushe ya zo Turanci ko Faransanci sai ya riƙa cusa wasali a inda babu. A magana ba mai tsayar da kai, amma a waƙa wasalin da ka ƙara gaɓa ce guda, kuma karin ba shi da wurinta. Za ka ji kanka kana makara, mai waƙar ya wuce ka. Wannan makarar ce take tilasta maka ka zubar da ƙarin. Batun «p» kuwa, riƙe 'yar takarda a gaban bakinka ka rera layin: leɓɓa su haɗu su fashe, takardar ta motsa. A «f» haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa.

Kada kuma ka raina abin da ka zo da shi daga gida. Hausa tana bambanta dogon wasali da gajere, tana da baƙi mai nauyi irin na shadda, don haka madda da shaddar Larabci ba sa ba mu wahalar da suke ba Bature. Ma'aunin rubutacciyar waƙar Hausa ma a kan gaɓa mai nauyi da mara nauyi aka gina shi, irin na aruli.

Waƙoƙin Najeriya na zamani za su gyara min Turanci don WAEC da JAMB?

A'a. Yawancinsu da Buroka ake yin su, gauraye da Yarbanci ko Ibo. Buroka harshe ne mai nasa tsari, kuma yana da amfani a Sabon Tasha ko a tashar mota, amma mai duba takardar jarrabawa zai soke shi. Waƙoƙin Amurka da Ingila su ma sukan karya nahawu don kari ya daidaita. Ka ɗauki furuci da kalmomi daga waƙa, ka tantance ginin jimla a littafi ko wajen malami. Duba amsar ƙarshe.

Larabci nake koyo. Me ya sa nake gane ƙasida amma ba na gane waƙoƙin Masar da Labanan?

Domin Larabcin da ka koya a Islamiyya fusha ne, su kuma yawancin waƙoƙin da karin harshen ƙasarsu suke yi. Mutumin Alƙahira yana furta jimun kamar «g», ƙaf kuma yakan mayar da ita hamza. Basudane yana furta ƙaf kamar «g». Kalmomin tambaya da na korewa ma sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ka fara tambayar kanka me kake nema. In karatun littattafai ne ko shiga Azhar ko Jami'ar Madina, tsaya a kan ƙasidu da nashidun fusha, ka samo rubutu mai wasulla ka bi i'irabin ƙarshen kalma da kunne. In kasuwanci ne a Jidda ko Dubai ko jinya a Alƙahira, to ka zaɓi karin harshe ɗaya ka bi shi, kada ka haɗa uku a lokaci guda.

Faransanci fa? Na ji an ce waƙoƙin Kwango suna taimakawa.

Yawancin waƙoƙin Kwango da Lingala ake yin su, Faransancin tsilli-tsilli ne. Haka na Mali Bambara ya fi yawa, na Senegal kuma Wolof. Na Abijan sukan zo da Nushi, wato yaren titi na matasansu. Ka duba baitocin tukuna kafin ka ɗauka Faransanci kake ji.

In ka samu ta Faransanci zalla, ribarta babba ce, domin wahalar harshen ita ce rubutu daban, furuci daban. Baƙaƙen ƙarshen kalma yawanci ba a furta su, sai kuma su farfaɗo in kalmar gaba ta fara da wasali, kalmomi biyu su manne su zama kamar ɗaya. Waƙa tana koya wa kunne wannan mannewar fiye da kowace ƙa'ida da zan rubuta a allo, haka ma wasulan hanci, waɗanda mai waƙa yake ja har ka ji yadda suke. Abu ɗaya za ka kiyaye: mawaƙa sukan furta wasalin «e» na ƙarshen kalma don cike kari, alhali a magana shiru ake yi da shi. Kada ka kai wannan kasuwa.

Sinanci nake so, saboda aiki da kamfanonin 'yan Sin.

Tun da kamfanin CCECC ya gina layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, wannan tambayar ta yawaita. A nan sai an yi hattara. Sinancin Mandarin yana da karin sauti huɗu masu sauya ma'ana, yadda a Hausa karin sauti yake raba wuyan jiki da wuyar aiki. Waƙoƙin Mandarin na zamani kuwa galibi karin waƙar ne yake danne karin kalmar. Saboda haka ka koyi baƙaƙe da wasula da kalmomi daga waƙa, amma kowane layi ka nemi yadda ake faɗarsa da magana, ka duba alamomin karin sauti da ke kan rubutun Pinyin, wato Sinanci da haruffan boko. Kunnen Bahaushe ya riga ya saba da hawa da saukar murya, wannan gata ne.

Malam, yarana ƙanana ne. In riƙa kunna musu waƙoƙin Turanci a waya?

Hajiya, ki kunna, amma ki zauna tare da su. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington ta Amurka sun gwada jarirai 'yan wata tara. Waɗanda mutum ya zauna da su yana musu Sinanci sun koyi bambanta sautukan harshen, waɗanda aka kunna wa bidiyo ko murya kawai ba su koya ba. Yaro daga fuskar mutum yake ɗaukar harshe. Ki rera tare da su, ku taɓa kai da gwiwa in waƙar ta ambace su, ku ƙirga yatsu. Waƙoƙin lissafi da launuka da sassan jiki sun fi dacewa.

Ina kuma roƙon ki kada ki daina yi musu Hausa da tatsuniya da waƙoƙin gaɗa don Turanci ya zauna. Abin yana damuna ƙwarai in na ga yaro a Barnawa ko Malali ba ya iya gaida kakarsa yadda ya kamata. Ƙwaƙwalwar yaro tana ɗaukar harshe biyu da uku lafiya lau.

Data tana tsada, wuta kuma ba tabbas. Yaya zan yi?

Tsarin waƙa ɗaya a mako ba ya cin data. Ka sauke ta sau ɗaya, ka ɗauki hoton baitocin ko ka kwafe su a littafi, shi ke nan. Boomplay da Audiomack suna bari a sauke a ji ba tare da intanet ba, abokin karatu ma zai iya tura maka ta Xender. A YouTube akwai wurin rage sauri zuwa 0.75, yana taimakawa sosai a layin da ya gagara. In kana sa iyafis, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada ƙara ta wuce kashi 60 cikin 100. Kada kuma ka toshe kunne biyu kana tsallaka titin Ahmadu Bello.

In na dage da waƙa, zan iya haƙura da malami da littafin nahawu? Kuma yaya zan san ina ci gaba?

Ba za ka iya haƙura da su ba. Waƙa ba ta koya maka rubuta takardar neman aiki, ba ta gyara maka in ka yi kuskure, ba ta kuma mayar maka da amsa. Jarrabawa irin su DELF ta Faransanci da IELTS ta Turanci suna gwada ji da karatu da rubutu da magana, waƙa kuwa ta fi ƙarfi a ji da furuci. Ka ba ta kamar kashi ɗaya cikin huɗu na lokacinka, sauran ka raba tsakanin littafi da hira. Mai Faransanci yana da reshen Alliance Française a nan Kaduna, yana da labarai cikin sauƙaƙan Faransanci da RFI take gabatarwa, yana kuma da 'yan'uwanmu 'yan Nijar da suka yi boko, a kasuwa da unguwa. Mai Larabci ya roƙi malaminsa su riƙa ware minti goma na hira zalla bayan darasi.

Gwajin ci gaba kuwa mai sauƙi ne. Duk ƙarshen wata ka ɗauko waƙar da ba ka taɓa ji ba, mai nauyi daidai da waɗanda ka yi, ka saurara sau biyu ka rubuta abin da ka kama, sannan ka kwatanta da baitocin. Ka sa kwanan wata ka ajiye takardar. Ka kuma ƙirga jimloli nawa daga waƙoƙin watan ka faɗa wa wani mutum ya gane ya amsa maka. In takardun suna ƙara cika amma wannan ƙirgen bai motsa ba, ka rage sauraro a wata mai zuwa, ka nemi abokin hira ko da sau biyu ne a mako.